Tsakiyar Kifin

Shekarar da na fi baƙin ciki a rayuwata ita ce shekarar da aka fi yi mini barka. Duk inda na sa ƙafa a garin Lafia, gidan suna ne ko gidan biki ko layin masu kayan miya, sai a dube ni sama da ƙasa a ce masha Allah, Malama an samu duniya. Matan unguwarmu a Akurba har tsokanar maigidana suke yi, wai ya taimaka ya gaya wa mazajensu abin da yake ba ni. Shi kuma sai ya yi murmushi ya gyara zaman hula. Shekarata arba'in da huɗu a lokacin. Turmin atamfa guda ya daina isata riga da zani da ɗankwali, 'yan acaɓa kuwa in sun hango ni a bakin titi sai kunnensu ya toshe.

Ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamaren gwamnati, na fi shekara ashirin da alli a hannu. Aikin nan shi ne abu guda da ban same shi ta hannun kowa ba. Gidan na maigida ne, 'ya'yan namu ne mu biyu, har sunan da ake kirana da shi a dangi na ɗan farina ne. Amma in na shiga aji yara suka miƙe suka gaishe ni, ni ɗin suke gaisarwa.

Tun da aka ba mu jiha Lafia ta zama babban birni, gidanmu ya koma masauki. Duk wani ɗan uwan maigida da ya gama makaranta, daga Adogi ne ko daga Arikya, sai ya saɓo jakarsa ya zo neman aikin gwamnati. Zai ce kwana biyu zai yi, kwana biyun su haifi wata takwas. Akwai lokacin da nake zuba wa mutum goma sha uku abinci, safe da rana da dare, kuma ban taɓa ɓata fuska ba, don ba a haka aka raine ni ba.

Yadda aka raine ni shi ne yadda na ga mahaifiyata tana rabo. Za ta jera kwanuka a gaban murhu. Na maigida shi ne farko, shi ke samun tsokar da ta fi kowace, in kaza ce cinya da ƙundu, in kifi ne tsakiya. Sai na baƙi, sai na yara. In an zo kanta nama ya ƙare, sai ta karkata tukunya ta kalato abin da ya manne. Ba ta taɓa ce mini ga doka ba. Na dai gani, kuma na ji yadda ake zagin macen da aka kama tana tauna a kicin, a ce kwaɗayayya ce, ba ta da kunya. Da na yi nawa gidan sai na ɗora daga inda ta tsaya, har ina jin kaina wata gwana.

To me nake ci da har na cika ƙofa? Komai, ban da abin kirki. Sauran sakwarar yara, don kada a zubar a yi almubazzaranci. Ƙanzon shinkafa. Teba da ruwan miya, a tsaye, ina ci ina leƙen tukunya. A makaranta burodi da lemon kwalba, da yamma garin rogo da sukari. Ina da kaji sun fi goma a bayan gida, amma ƙwansu na shayin maigida ne, saura a bar wa kaza ta ƙyanƙyashe. Riɗi kuwa buhu ake kawo mana daga gonar danginsa, in yi kantu in raba wa maƙwabta, in lashe yatsa.

Ciwon ya shigo ne a hankali, shi ya sa ban san ranar da zan ce ya fara ba. Na dai lura tashi daga shimfiɗa ya zama aiki. Kitso ya yi wata biyu a kaina ban damu ba. Ina cikin tsince shinkafa sai in ga hawaye na ɗiga a faranti, in nemi dalili in rasa. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya zage ni. In ana raha a tsakar gida ina jin sautin dariyar, amma abin dariyar ba ya isowa gare ni. Kuma duk sanda zuciyar ta yi nauyi sai in nufi kicin in cusa wani abu a baki, in ƙara nauyi, a ƙara yi mini barka. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni ba wanda ya tambayi fuskata, damtsena kowa yake kallo.

Wata safiya na tsaya gaban allo zan rubuta darasin lissafi. Na ɗaga alli, sai na rasa dalilin da zai sa in rubuta. Ba mantuwa na yi ba, na san darasin kamar yunwar cikina. Kawai dai na ga ba shi da amfani, ni ma ba ni da shi. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, har yara suka gaji da surutu suka yi tsit. Irin haka ta faru sau uku kafin hedimasta ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce iyaye sun fara magana, ga hutu ya zo, in je in yi tunani, in an dawo in gaya masa ko zan iya ci gaba.

Na gaya wa maigida ba ni da lafiya. Ya taɓa goshina ya ji ba zafi, ya dube ni da kyau, ya ce wace irin rashin lafiya ce mutum yana ƙara kyau. Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ya fi ƙona mini rai. Ya aika wa yayarsa da ke Adogi, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, wadda maganarta a gidanmu yankan wuƙa ce. Yaya ta zo ta saurare ni tana taunar goro. Da na gama ta ce in ba aljani ba ne to rashin godiya ne, mata nawa ne ke neman rabin abin da Allah ya ba ni. Aka kawo rubutu na sha, aka kawo hayaƙi na shaƙa har idona ya yi ja. Da ba a ga canji ba sai suka yanke shawara tsakaninsu cewa wahalar makaranta ce, in ajiye aikin in zauna gida in huta.

Maigida akawu ne, yana da kyakkyawan rubutu. Shi ya rubuta takardar ajiye aikin da hannunsa, ya bar mini gurbin sa hannu, ya ɗora ta a kan talabijin ya danne da agogo. Saura mako uku a koma makaranta. Kullum in na zo share falo sai mun haɗa ido da ita. Na sani sarai, in na sa hannu a takardar nan na shiga ɗaki ke nan, ba abin da zai sake fito da ni sai makara. Amma ƙarfin cewa a'a ma ba ni da shi.

Maƙwabciyarmu ta bayan katanga 'yar Eggon ce, nas a asibitin gwamnati, duk unguwa Sista ake ce mata. Ta girme ni da kaɗan, ba ta da tsoron kowa, Hausarta kuma irin ta kasuwar Lafia ce, mace da namiji duk "ka" ne a bakinta. Ranar da famfonsu ya ƙafe ta shigo ɗiban ruwa a rijiyarmu, ta same ni zaune a bakin kicin da farantin wake a cinya, ina kukan nan nawa marar dalili. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ita kaɗai ce a shekarar nan ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta ajiye bokiti ta jawo kujera 'yar tsugunno.

"Malama, jiya ka ci mene?"

Na ce na ci na ƙoshi mana, ta dubi jikina.

"Ba na tambaya jiki ba. Cikin kwano, mene da mene?"

Na lissafa mata. Ta tambayi shekaranjiya, na lissafa. Ta tambayi yaushe rabona da kifi, ba ruwan miyar kifi ba, kifin kansa. Ta nuna kajina da ke tono a gindin mangwaro.

"Ƙwai fa? Abi kajin nan na ado ne?"

Wallahi na zauna ina lissafi kamar ɗalibar da ba ta yi aikin gida ba, na kasa tuna ranar da na ci ƙwai guda ni kaɗai. Abin da na iya tunawa shi ne lokacin jegon autana, shi kuwa har ya shiga sakandare.

A nan ta yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. Ta ce akwai wasu sinadarai da jiki ke bukata 'yan mitsi-mitsi, ko gishirin miya ya fi su yawa nesa ba kusa ba, amma in babu su jiki ba ya tafiya daidai. Ta ambaci na jini, ta ambaci na ƙashi, sannan ta ambaci wani da sunansa ya ƙi zama a bakina sai da ta rubuta mini a bayan kwalin ashana: seleniyam. Ta ce ana samunsa a kifi da ƙwai da hanta da nama, da riɗi in ƙasar da aka noma shi tana da shi. Ta taɓa maƙogwarona ta ce akwai wani abu a nan da ke tsara yadda jiki ke ƙona abinci, da wannan sinadarin yake aiki. Ta ce a wurin aikinsu ta ji likitoci na cewa mata masu irin shekarunmu da ke fama da ƙiba da nauyin zuciya tare, wani lokaci akan ga abincinsu ya gaza ta wannan wajen.

"Ni ba na rantse maka shi ne," in ji ta. "Ba mu da injin gwada shi nan. Amma mutum ya yi shekara ashirin rogo da doya, rogo da doya, jiki zai cika, ciki kuma yunwa ne."

Ta ja mini kunne kada in kuskura in saurari masu tallan ƙwayoyi da lasifika a tasha, don shi wannan abin in ya yi yawa guba ne, har gashi yake zubarwa. Ta ce kuma baƙin cikin da ya wuce wata da watanni ciwo ne mai suna, likita ke duba shi, ƙwai kaɗai ba zai yi ba. Washegari ita ta raka ni asibiti. Likitan ya saurare ni har na gama bai dubi agogo ba. Ya auna jinina, ya duba wuyana, ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta mini wasu ƙananan ƙwayoyi, ya ce in riƙa tafiya da ƙafa, in dawo bayan mako biyu. Na nuna masa kwalin ashanar. Ya yi murmushi ya ce masana ba su gama gardama a kan wannan ba, amma in ci kifin da ƙwan, ba asara.

A hanyar dawowa ban ji sauƙi ba, haushi na ji. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Duk abin da aka lissafa mini akwai shi a gidana, da hannuna nake dafa shi, da hannuna nake miƙa wa wasu.

Sai dai hali zanen dutse. Makon farko a ɓoye na riƙa ci. In dafa ƙwai a cikin ruwan shayi, in laɓe bayan ƙofar kicin in haɗiye da sauri, in tura ɓawon cikin toka. Rana ta biyar ƙwan ya tsaya mini a wuya saboda na ji tafiyar mutum, na yi ta tari ina dukan ƙirji. Da ya wuce sai na tambayi kaina: kazar tawa, dawar da take ci da albashina na saya, to satar me nake yi? Haushin nan ya yi mini amfani. Wata da watanni ban ji komai ba, sai ga shi ina jin wani abu, ko da fushi ne.

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin a koma makaranta Yaya ta zo daga Adogi, don ta tabbatar an sa hannu a takarda. Ta zo da tsarabar riɗi da wata ƙatuwar tarwaɗa banda, irin ta bakin Binuwai da 'yan Tibi ke kawowa kasuwa, ta ce a yi wa ƙanenta miya. Na yi miyar riɗi, na kirɓa sakwara. An ɗauke wuta, zafi ya koro kowa waje, maza sun shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, Yaya na kan kujera kusa da ni tana fifita tana duba yadda nake rabo, kamar yadda ta saba.

Na jera kwanuka. Sai na tashi na shiga ɗaki na ɗauko wani farantin tangaran daga cikin kayan aurena, wanda ba a taɓa ci a cikinsa ba, na ɗauraye na ajiye shi a farkon layi. Na sa sakwara 'yar daidai. Na sa ludayi na ɗauko tsakiyar kifin, inda tsokar take, na ɗora.

"Amarya, wannan na wane baƙon ne?" Shekara ashirin da biyu, Yaya ba ta daina ce mini Amarya ba.

"Nawa ne, Yaya."

Ta ɗauka wasa ne, har ta fara dariya. Da ta ga na ci gaba da zuba wa sauran, na ba maigida wajen wutsiya da kai, na raba abin da ya rage, sai ta daina fifita. Ta ce, yadda na gindin mangwaro za su ji, ashe da wannan jikin ma ina neman ƙari, to Allah ya shirya, ita dai a gidansu ba a koya musu haka ba.

Muryar da ta fito daga bakina ta aji ce, wadda ke kaiwa bencin baya.

"Shekara ashirin da biyu nake rabon abinci a gidan nan. Wanda ya taɓa ganin tsoka a kwanona ya ɗaga hannu."

Ba wanda ya motsa. Ɗaya daga cikin baƙin da ya riga ya kai loma baki ya rasa yadda zai yi da ita.

"Ba ni da lafiya, Yaya. Likita ya duba ni, ina shan magani. Ba aljani ba ne, kuma na gode wa Allah tun kafin a tuna mini. Jibi Litinin ina da aji."

Na zauna a kan tabarmata a tsakar gida, inda kowa ke gani, na yi bisimilla. Gaskiya ban ji ɗanɗanon kifin nan ba, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma na cinye shi tas, na tsotse ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ban yi sauri ba. Yaya ta ture nata kwanon ta ce ta ƙoshi. Kafin la'asar ta nemi mota ta koma Adogi ba ta yi mini sallama ba.

Washegari da rana na yi miyar agushi da naman akuya, na ɗebi nawa, na aika masa nasa. Da aka dawo da kwanon sai na ji shi da nauyi. Na buɗe, ga tsoka biyu a gefe, an ware su da kyau ba a taɓa ba. Na gane. Mutumin nan bai iya ba da haƙuri da baki ba, wannan ce tasa hanyar. Tausayinsa ya kama ni har idona ya kawo ruwa, don in ɓera da sata daddawa ma da wari: shi bai taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Amma na san in na karɓa, gobe ma saura zan jira, sai dai sauran ya ƙara kyau. Na rufe kwanon na kai masa falo da kaina.

"Malam, na gode. Cinye abinka, na ɗebi nawa tun a tukunya."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya tambaye ni, a hankali, wai da gaske duk shekarun nan ba na ci. Na ce da gaske. Na miƙa hannu na ɗaga agogon da ke kan talabijin na zaro takardar. Takarda ce mai kyau, bayanta fari tas, ban ga dalilin ɓarnatar da ita ba. A gabansa na juya ta na tsara darasin Litinin a kai, lissafi da safe, sai karatu. Ya ga abin da nake yi, ya miƙo mini bironsa da ya fi nawa kyau.

Ran Litinin da ƙafa na tafi makaranta, ina haki, na isa an riga an buga ƙararrawa. Ba zan ce na warke a ranar ba. Na yi wata da watanni ina komawa wurin likita, akwai safiyar da har yanzu takan zo da nauyinta. Kuma har gobe ban san ko seleniyam ɗin Sista ne ya ɗaga ni ba, ko ƙwayoyin likita, ko tafiyar ƙafa, ko kuwa farantin tangaran. Masana su ci gaba da gardamarsu, ni dai ban sake cin abinci a tsaye ba.

Jikin ya sauka a hankali, bai sauka duka ba. Wajen shekara guda bayan haka muka haɗu da Yaya a gidan suna. Ta kama damtsena ta jijjiga, ta ga ya saki, ta kira matan da ke kusa su zo su gani. Suka kewaye ni da jaje, wannan ta ce ko maigida ya shiga wani hali ne, waccan ta ce in daure in riƙa cin abinci. Yaya ta tambaye ni, da damuwa ta gaske a fuskarta, ko lafiya.

Na ce mata lafiya ƙalau. Shekaru na yi ina ba da wannan amsar ana yarda. Ranar da ta zama gaskiya, ba wadda ta yarda a cikinsu.